Hurar Sodangi

Tun shekarar da aka saki ruwan madatsar Goronyo, Sodangi na Taloka bai ƙara zuwa cin rani ba. Albasa ta riƙe shi. Kullum yana tsaye cikin magudana, ruwa har gwiwa, yana buɗe wa kwaman albasarsa ruwa. Da hantsi ya yi, shi da maƙwabcin gonarsa Attahiru sukan zauna gindin giginya su sha hura, ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya. Haka furfura ta same su.

Sai cikin Sodangi ya fara kumburi, wuya yana ramewa. A wurinmu, cikin da ya tashi haka ba a tambayar mene ne, wane ne ake tambaya. Sodangi ya tuna sun yi cacar baki da Attahiru kan wa zai fara jan ruwa, ya kuma tuna Attahiru ne ke dama hurar. Daga ranar ya daina taɓa ludayin.

"Mi na yi maka, Sodangi?"

"Ba komi. Azumi nika yi."

"Azumi da goro a baki?"

Matarsa Bara'atu ta matsa, ya je asibiti. Bayan awo, ma'aikacin lafiya, Malam Rufus, ya zaunar da shi.

"Baba, ba a abinci aka ba ka ba. Wata tsutsa ce ta ruwa, ta fata take shiga, ƙwanta ya maƙale a hanta. Masu tsaron jikinka suka yi kuwwa, 'yan'uwansu suka taru suka kewaye ƙwan. To kuwwar ce ba ta tsaya ba, shekara da shekaru. Duk inda suka taru sai tabo, har hantar ta taurare. Magani zai kashe tsutsar, amma tabo ba ya saurin tafiya."

Sodangi ya dafa cikinsa.

"Wato nawa na cikin gida su ka cina?"

"Tsaron ne ya yi yawa, Baba."

Bai gamsu duka ba. Mutum ba ya ajiye zargin da ya daɗe yana yi wa ɗawainiya a rana ɗaya. Amma ya koma gindin giginya. Ya ɗebo hura, ya miƙa wa Attahiru.

"Kai fara."

Attahiru ya shanye, ya goge baki. Sa'annan ya ɗaga rigarsa, ya nuna nasa cikin, wanda shi ma ya soma tasowa.

"Da ka bar sha, ni kai niz zata."

Sodangi ya karɓi ludayin.