Ranar da Na Fito a Marainiya

Ranar Alhamis ce ta rufe makaranta, da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, na hau teburan aji da aka jera a filin firamarenmu ta Kabo aka ce musu dandamali. Ni ce marainiya a wasan kwaikwayon. Malam Habu, malaminmu na Hausa, ya shirya shi yadda aka saba: mugun kawu da gemun auduga yana zare ido, marainiya tana shan wuya, 'yan kallo suna tsine masa. Abin da ya ƙara shi ne kukuma. Duk inda baƙin ciki ya kai maƙura sai a daina magana, wani tsoho ya goga kukumarsa a bayan labule, a rera sauran. Malam yakan ce, "Abin da ya fi ƙarfin baki, a bar wa waƙa."

Ni 'yar fari ce, tun yaye aka kawo ni wurin kakata. Inna, mahaifiyata, tana Gwarzo, ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. Kunya ce, kowa ya sani, amma ina ruwan yaro da kunya? Ina ɗebo ruwa, ina tsinkar zogale, ina koro awaki, ina bitar waƙar ni kaɗai, tsarana suna can suna gaɗa. Kewa ta ishe ni, har na roƙi wata maƙwabciyarmu mai zuwa cin kasuwar Gwarzo ta ce wa Inna ta zo ta gan ni.

Da kukuma ta ɗauka, na bi fuskokin matan da ke kan tabarmi ɗaya bayan ɗaya, babu tata. Kukan da na yi cikin waƙar nan ba wanda Malam ya koya mini ba ne, nawa ne. Aka yi ta tafi, ana yarinyar nan ta iya wasa. Na koma gida da kyautar sabulu, ko tuwo ban taɓa ba.

Yanzu a waya yarana suke kallon fim, ginin kuwa bai sake ba: ga mugu, ga marainiya, in kuka ya zo a saki waƙa. Sai dai fiyano ta maye gurbin kukuma, muryar ma ta aro ce. Ni ba na iya kai irin waƙar nan ƙarshe.

A zaman makokin Inna ƙanwarta ta ce da ni, "Ai ta je wasan nan naki na makaranta. Bayan darbejiya ta tsaya da lulluɓi, kada a ce ta zo kallon 'yar fari. Da waƙar nan take daka har ƙarfinta ya ƙare."

Ashe tana nan tana ji, ni ce ban duba bayan tabarmi ba.