Gonar da Ɗanjuma Ya Ba da Aro

Na daɗe ina shakkar ko akwai dalilin rubuta wannan labari a Kano. Me ya haɗa garin da babu teku kusa da shi da jiragen yaƙin da ke tashi daga kan jirgin ruwa? Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganin irin jirgin ruwan, a wata tashar teku a Ingila lokacin ina karatun injiniya. Samansa shimfiɗe yake kamar masussuka, jirage sun jeru a kai da fukafukai a naɗe. Na kalla na wuce, ban zaci abin ya shafi kowa a gida ba. Sai da na dawo a 1961, aka ba ni gidan gwamnati a Nassarawa, na tarar da wani dattijo yana ba furanni ruwa. Sunansa Ɗanjuma, shi ne gadina, mai kula da lambun gidan, tun zamanin Baturen da ya zauna kafin ni.

Abin da na fara lura da shi, a bayan boskwata akwai kunya biyu na dawa kaura. Ba ta isa tuwon mako ba, amma ya fi kula da ita a kan duk furannin gidan. Na tambayi Malachi, kukun da na gada tare da gidan, mutumin kudancin Zariya. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, iri ne. Baba yana ajiyewa ne har ranar da Turawa za su mayar masa da gonarsa."

A hankali na ji sauran daga bakin mai ita. An haife shi a wani ƙauye kusa da filin jirgi, ya gaji gona daga mahaifinsa, mai ɗorawa a tsakiya. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, jirage suka riƙa sauka a Kano suna shan mai suna wucewa gabas, fili ya yi kaɗan. Dagaci ya zo da wani Bature da tafinta, aka ce ana bukatar gonakin gefen saboda yaƙi. Maƙwabtansa suka karɓi diyya. Ɗanjuma ya ƙi. A ƙauyensu kowa ya san wanda ya karɓi kuɗi a kan gona ya sayar, wanda kuwa ya bayar hannu sake aro ya bayar, kuma aro yana komawa ga mai shi ko bayan shekara nawa. Ya ce wa dagaci, "A gaya masa na ara musu har a gama." Tafinta ya yi Turanci, Bature ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan Ɗanjuma ya riƙe shekara ashirin.

Kafin a yi sallar layya an sare ɗorawar, abin da mai aro ba ya yi. Ya ce yaƙi ne, ya haɗiye. Ya shiga lebura a filin, yana gangara duro-duron fetur a kan ƙasar da ya saba yi wa huɗa. A nan ya ji leburori suna cewa wasu ƙananan jiragen da suka sauka a filin, daga kan jirgin ruwa suka taso, can tekun Ankara da ke yamma da mu. Ya ce musu ƙarya ma tana da iyaka.

Yaƙi ya ƙare, ba a cire wayar da aka kewaye gonakin da ita ba. Ya je wajen dagaci, aka ce ya yi haƙuri. Da aikin lebura ya ƙare sai ya taho Nassarawa da matarsa Hajara da damin kaura guda, ya samu aikin gadina a gidan nan, wajen Baturen da ma'aikata ke kira Mai Lofe.

Mai Lofe matuƙin jirgin saman sojan ruwa ne a lokacin yaƙi, kuma ba ya gajiya da labarin. Yana da hoton jirgin ruwansu a falo. Wata ranar Lahadi ya fito da shi lambu, ya nuna wa Ɗanjuma da Malachi ƙugiyar da ke wutsiyar jirgi, wadda ke kama igiyar ƙarfe in ya sauka ta tsayar da shi cak. Ya ɗauki faifai biyu na Hajara, ya tsaya a kan ciyawa yana ɗaga hannu yana saukewa, wai haka wani mutum ke yi wa matuƙi jagora. Da Ɗanjuma ya ce bai yarda ba, Baturen ya ja shi titi, ya taka daga ƙofar gida zuwa wani mangwaro, ya ce iyakar tsawon filin ke nan.

Malachi ya ce Baba ya dawo ranar yana murmushi shi kaɗai. Lissafinsa mai sauƙi ne: in har jirgi ya koyi sauka a ɗan wannan wuri, to lokaci kaɗan ya rage su daina bukatar gonakin mutane. Daga nan duk jaridar da ta zo wa Mai Lofe daga Ingila, sai ya tambaya ina aka kwana. Aka ce an yi jirage marasa farfela. Aka ce an ƙera majajjawa mai aiki da tururi da ke cilla jirgi sama. Kowane labari sai ya kai wa Hajara kamar albishir.

"Baba, an ce bana a kan faranti za su sauka," in ji Malachi. "Ka wasa fartanya."

"Kai dai soya dankalinka, ɗan Zazzau. Ranar da na yi girbi ko ƙaiƙayi ba za ka gani ba."

Mai Lofe ya yi alkawarin zai yi wa Di'o maganar. Ya tafi gida bayan an sauke tutarsu, ya bar wa Ɗanjuma tsohuwar hular sojan ruwa, maganar kuwa ko ya yi ta ko bai yi ba, babu wanda ya sani.

Da Ɗanjuma ya ga ni baƙin mutum ne na shiga gidan, sai ya zo ya durƙusa a bakin baranda. "Ranka ya daɗe, yanzu mulki na hannunku. Masu aron sun tafi."

Na bi maganar iyakar iyawata. Duk ofishin da na shiga amsa ɗaya ce: ƙasar ta zama ta hukuma tun ranar da aka kewaye ta, kuma ana shirin ƙara tsawon filin ne, don manyan jiragen fasinja da na alhazai. Wani akawu ya tambaye ni ko da gaske akwai wanda ya ƙi karɓar diyya, ya kira na kusa da shi su yi dariya tare.

Ban san yadda zan faɗa masa ba, sai na ɗauke shi a mota muka je bakin wayar. Ya daɗe yana duban wurin, yana neman inda ɗorawar take. Kwalta ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Wani babban jirgi ya sauko, ya yi ta gudu a ƙasa, ya yi ta gudu, kafin ya tsaya can nesa.

"Wannan ba shi da ƙugiyar?"

"Ba shi da ita, Baba. Na ƙasa ba a sa musu."

Muka koma gida. Da kaka ya yanke kaurar bayan boskwata, bai ware zangarniya ko ɗaya ba. Ya miƙa wa Hajara duka ya ce ta sussuke ta daka. Ta tsaya riƙe da su tana kallonsa, ya ce, "Ki daka, Hajara." Aka aiko mini da nawa tuwon a kwano. Da damina ta zagayo, ciyawa ce ta fito a wurin.

Bayan kwanaki na same shi yana yanke shinge. Na tambaye shi ko yanzu yana ganin labarin Mai Lofe ƙarya ne.

Ya ce, "A'a, Yallaɓai, gaskiya ne, na ga hoto. Sun iya sauka a ɗan wuri in sun so. A kan ruwa ne babu gonar kowa da za su shiga, shi ya sa suka koyi tsayawa."