Mutumin da ya ƙi goge sunaye ɗari huɗu

Ƙarfe shida na safe za ka tarar da mijin yayata a ɗan ɗakin da a da ake jibge tsofaffin kujeru. Tebur ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen murfi, tabarau biyu don ɗaya ya daina isarsa. Sai ya karanta koke-koken jama'a, ya amsa kowanne, sannan ya tafi wurin aiki. Shekara goma sha tara ke nan. Abokan sana'arsa Mai Faci suke ce masa, domin duk inda manhaja ta ɓule shi ake nema.

Manhajar da ya rubuta ta ƙananan asibitoci ce. Tana nuna wane magani ya kusa ƙarewa, wanne ya kusa lalacewa. Kyauta ce, kuma lasisinta ya ce kowa ya ɗauka ya gyara, amma abin da ya gyara ya bar shi a buɗe ga na baya.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya. Duk wanda ya turo gyara, ko layi ɗaya ne, sai ya sa sunansa a jerin masu manhajar, kuma bai taɓa neman kowa ya sallama masa haƙƙinsa ba.

Bara wani kamfani da ke sayar wa manyan asibitoci manhajar cikin sabuwar riga ya turo lauyansa. Sharaɗin lasisin ya zame musu ƙarfen ƙafa. Ina falon a ranar. Suka yi masa tayin babban muƙami da aikin idon da ya daɗe yana ɗagawa, muddin ya rufe manhajar, ƙananan asibitoci su koma biya duk shekara.

Ya ce, "Ai ba tawa ce ni kaɗai ba. Mu ɗari huɗu da sha biyu ne."

Lauyan ya yi murmushi. "Malam, wannan ba komai ba ne. Ma'aikatanmu za su cire layukansu su sake rubutawa, sunayen su fita. Wata biyu an gama."

Ba zan ɓoye ba, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur don ya karɓa. Ko kallona bai yi ba. Ya juya kwamfutar ya ɗora yatsa a kan suna na talatin da bakwai.

"Wannan ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta gano manhajar tana musanya rana da wata, saura ƙiris a ba yara lalataccen magani. Layi uku ta turo. Shekararta shida da rasuwa. Da wane hannun zan goge ta?"

Yaya ta tashi ta kwashe kofuna, lauyan ya gane an sallame shi.

Abin da ya fi ɗaure min kai daga baya ya zo. Wani injiniyan kamfanin nan ya turo gyara mai kyau, muka ce ya watsar. Ya karɓa, ya gode masa, ya rubuta sunansa na ɗari huɗu da sha uku.

Mai Faci, kai ne wanda aka zo saye aka rasa ta inda za a kama. Kai ne mai riƙon amanar waɗanda ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba. Watan nan idanunka sun sa ka miƙa aikin ga mutum uku, kuma sharaɗi ɗaya ka kafa musu: kada a taɓa jerin.

Masu rubuta manhaja, ku dubi wannan bawan Allah ku yi koyi. Idan aka zo muku da takarda, ku fara tuna hannun wa da wa ke cikin abin da za ku sayar.

Mun gode, Mai Faci. Yau da safe ɗan asibitin ƙarshen layinmu ya buɗe manhajarka, ba wanda ya tambaye su ko sisi. Ƙafar nan da na taka, ka yafe min.