Ruwan Alkamar Larai

A safiyar da sojoji suka karɓi mulki, mutanen Birnin Tudu sun yi cincirindo a gaban rediyo. Ni kuwa ƙafar wandon Kawu Maiwada na kalla, na ga a jiƙe take har gwiwa. Ashe tuni ya je bakin aikinsa ya dawo.

Kawu shi ke buɗe ƙofar ruwan da ke zuwa gonakinmu daga madatsar Bakolori. Dattijo ne siriri, mai tsohon keke da yawan barkwanci. A shekarar gwamnatin jiha ta fi ba noman alkama ƙarfi, ta kawo iri da taki, kowa ya shuka. Yanzu ga gwamnatin ta rushe, ga alkama tana son ruwa. Ina gida lokacin, jami'armu ta Sakkwato tana hutu.

Sai jita-jita ta bazu cewa za a rufe madatsa. Masu gonakin sama suka datse magudana da laka, kowa yana tara ruwa a gonarsa. Gonar Inna Larai ce ta ƙarshe. Mijinta ya rasu, da alkamar nan za ta ciyar da 'ya'yanta, ga ƙasar ta fara tsagewa.

Kawu ya ce in raka shi. Muka iske Yari, taubashinsa, tsaye cikin ruwa yana ƙara laka.

"Sannu da aiki, sarkin tsoro! Alkama kaka nomawa ko kifi?"

"Bari, Maiwada. Babu gwamna, wa za ya ba mu ruwa gobe?"

"Da can gwamna ke zuwa da bokiti? Dubi ganyenta, ya fara ja. Kai ka kashe taka da ruwa, ka kashe ta Larai da ƙishi."

Yari ya duƙa ya duba. Sai ya ɗago kai ya ce:

"In an ruhe hwa?"

"Ga kekena, riƙe. Ranar da ruwa bai zo ba, naka ne."

"Wanga gwangwani? Ko kyauta ban so!"

Mutane suka fashe da dariya. Yari ya sa fartanya ya fasa datsiyarsa. Na kusa da shi ya ji kunya, ya fasa tasa. Haka muka bi magudanar gona-gona, Kawu yana gaisuwa doguwa, yana tsokana, ni ina biye.

Da la'asar ruwan ya isa gonar Inna Larai. Ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi.

"Allah shi yi maka albarka, Maiwada!"

"Amin, Larai. In ta nuna dai, kada a mance ni da alkaki."

Sannan ya zauna a kan kunyar gona, ya ciro rake daga aljihu, ya karya, ya miƙo mini rabi.