Kafur ɗin Akwatin Kaka

Ran nan a kasuwar Kafanchan na wuce wata mai sayar da gwanjo, ƙamshin kafur ya bugi hancina, sai ga ni a ɗakin kakarmu.

Akwatin ƙarfe gare ta a ƙarƙashin gado. A ciki take ajiye zaninta na zumuntar mata, ta zuba ƙwayoyin kafur farare tas kamar alawa, don kada asu ya ci. Wata shekara, ana shirin Kirsimeti, an baza citta a tsakar gida tana bushewa, ta jawo akwatin ta buɗe. Zani na nan, ƙamshi na nan, kafur babu ko ɗaya.

Ka san a kowane gida akwai yaron da komai ya gani sai baki. Namu ƙanena ne. Kaka ta dube shi, ta dafe ƙirji.

"Yesu! Yaron nan ya cinye kafur! A kawo manja!"

Mama ta riƙe shi yana ihu yana rantsuwa bai ci ba. Manjan da za a ɗura masa don kashe guba kuwa sanyi ya daskarar da shi a kwalba, sai da aka kai shi kusa da murhu. Wannan jinkirin ne ya cece shi, don kafin ya narke kakanmu ya shigo daga gona. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekaru yana zuba gawayi a tukunyar jirgi. Ya ji labari, ya yi dariya har da tari.

"Ku sake mini jika. Kafur ba ya jira a ci shi, tashi yake."

Ya zaunar da mu gaban murhu. Ya nuna manjan da ya zama ruwa, ya ɗaga murfin tukunya tururi ya tashi, ya ce wannan tururin ne ke jan jirgi har Jos. Kafur kuma, in ji shi, ba ya tsayawa zama ruwa, daga ƙwaya sai iska.

Kaka ta ce sai ta gani da idonta. Aka sayo ƙwaya ɗaya aka ɗora a faranti saman kabad, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowace safiya kakanmu zai sauko da ita mu kewaye shi muna leƙe. Ta yi ta ramewa har ta koma kamar ƙwayar acca. Ranar da farantin ya zama wayam muka yi ta tsalle, kaka ta yanka kaza, ta ba ƙanena cinya biyu.

Yanzu 'yata ke haddace darasin abubuwa daskararru da masu ruwa-ruwa da gas daga waya, don jarrabawa. Tana ci kuwa. Amma da na tambaye ta ko ta taɓa tsayawa ta kalli tukunya tana tafasa, ta ce ina lokacin. Na kashe wayar, na ja hannunta muka shiga kicin.