Na Matsa Sharaɓar Ƙanena

Ni dai ƙafa na sani. Shekara ashirin da ɗoriya ina tura arabiyya a Makka, keken nan da ake ɗora tsofaffin alhazai, kuma duk Hajji ni nake zaɓen mazan unguwarmu, Tandabawi, da za su je turawa a Mina. Ba na tambayar mutum komai. Sai in ce ya ɗage wando, in sa hannu in matsa sharaɓarsa. In na ji nama cunkus, ya samu aiki. In na ji ƙashi, ya koma gida ya sha shayi. Har bugun ƙirji nake ina cewa hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba.

Ƙanena shi ne autanmu. A nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa kyau nesa ba kusa ba. Tseren keke ne sana'arsa, wata ƙungiya a Jidda ta ɗauke shi tana biyansa, kuma ita ta yi masa iƙama, takardar zama. Duk gidanmu shi kaɗai ne mai takarda, shi kaɗai ne zai hango motar 'yan sanda bai canza hanya ba. A shekarar da nake magana iƙamar tasa ta kusa ƙarewa, ƙungiyar kuwa ta faɗa wa 'yan tserenta ɓaro-ɓaro: za a yi babban tsere a hanyar dutsen da ke hawa Ɗa'if, kwana goma bayan Hajji, wanda ya taɓuka abin kirki shi za a sabunta wa.

Ana saura mako guda a fita Mina ya dawo gida. Ina ganinsa gabana ya faɗi. Kumatu sun zurma, wuya kamar na ludayi, ƙafafu an aske su tas. Innarmu ta zuba masa shinkafa da kaza, ya tsakuri rabi ya ture faranti. Da safe ya hau keke awa ɗaya, ya dawo ya miƙe ƙafa a bango.

Na ce, "Kai, wannan kwanciyar fa?"

Ya ce, "Yaya, mudarrib ne ya ce in huta." Mai horar da su ke nan. Ya nuna min wani agogo a hannunsa mai ƙirga bugun zuciya, wai ya nuna jikinsa bai taɓa kai haka kyau ba, wai wata huɗu suna gina ƙarfin nan, abin da ya rage kawai kada a taɓa shi.

Na yi dariya har da tafi. Na ce ɗage wandon. Ya ɗage. Na matsa, na ji jijiya da ƙashi, babu abin kamawa. Na ce, "Da wannan za ka hau dutsen Ɗa'if? Wallahi ko tsohuwa ɗaya ba zan ba wa mai ƙafar nan ya tura ba. Yunwa suke kashe ka da ita, agogo yana yi maka daɗin baki."

Inna ta ce, "Faɗa masa dai, ni na gaji."

Nan take na yanke hukunci: zai bi ni Mina. Kwana biyar yana tura arabiyya daga tanti zuwa wurin jifa, ga cin abincin alhazai, ƙafa za ta cika, ga lada a kai. Ya kira mudarrib ɗin, ya miƙo min waya. Mutumin ya dinga yi min ihu kamar ya sami jakinsa, yana cewa ban san komai ba. Da ya lallaɓa ni wataƙila da na ji. Amma ihun nan shi ya ƙarasa ni, na ce ai kuwa sai ya je. Ƙanena ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya." A gidanmu ƙane ba ya musu da wa. Ni na koya masa haka, da mari.

Ya yi aikin, babu ƙorafi ko sau ɗaya. Rana tsaka yana tura wani dattijo mai ƙiba, kwalta tana cin silifa, ina bayansa ina jin daɗi, ina cewa ga horo na gaske. Rana ta uku tafin ƙafarsa ya yi bororo. Rana ta huɗu ya fara tarin nan da duk wanda ya shiga cunkoson Mina yake kwasowa. Ni shekara ashirin ina kwasarsa, ban taɓa ɗaukarsa ciwo ba, zuma da lemon tsami ne maganinsa. Da muka dawo gida na sake matsa sharaɓar, na ji ta yi tauri ta kumbura. Na ce, "Ka ji? Yanzu ka zama mutum." Ashe gajiya ce nake matsawa.

Ranar tseren, duk da ba ni da takarda, na yi kasadar bin wani direba ɗan unguwarmu, muka tsaya a wata kwana can saman dutsen. Na farko suka wuce a dunƙule. Na ƙare musu kallo, kowannensu ramamme, ƙafa siririya irin wadda na raina. Rukuni na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Can sai ga shi shi kaɗai, baki buɗe, yana tari yana taka feda kamar mai taka laka. Ya gan ni sarai. Bai kau da kai ba, kallona ya yi har ya sha kwanar.

Ba su sabunta masa iƙamar ba. Na je Jidda da kaina don in gaya wa mudarrib ɗin laifina ne, ko ƙofa ba a buɗe min ba. Har yau ina jin haushin mutumin nan, ina jin haushin agogon, ina jin haushin ƙasar da takardar mutum take rataye a ƙafarsa. Amma duk haushin in ya gama zagaye kaina yake dawowa, don hannuna ne ya matsa, bakina ne ya yanke.

Keken tseren yana nan a bayan ƙofa, tayoyi sun sace. Ƙanena yanzu arabiyya yake turawa, kuma ya iya canza hanya in ya hango motar 'yan sanda, ya ma fi ni iyawa. Bai taɓa ɗaga min murya a kan maganar ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Hajjin bara ina zaɓen masu turawa a ƙofar gida, maza sun yi layi. Da aka zo kansa na ce wuce kawai. Ya ƙi. Ya sunkuya ya naɗe wandonsa har gwiwa a gaban kowa, ya miƙo min ƙafar.

Ya ce, "Matsa mana, Yaya. Ta yi naman yanzu?"

Na matsa. Ta yi.