Ƙanen Masaƙiya Yana Cikin Kogo

A ƙauyukan duwatsun Kabiliya, babu macen da ba ta taɓa tsintar zaitun tana sauraron Ferruja ba. Ko bihim ba ta sani ba a takarda, amma in ta buɗe tatsuniya da "mashahu", mata suka amsa "ahu", sai kwanduna su cika ba a san an gaji ba.

Guda ɗaya ce ba ta ƙarasawa a gaban mutane, ta masaƙiyar da ta saƙa bargo don ta fanso ƙanenta daga kogon dodanniya. Ƙarshenta gadon gidansu ne, uwa ke raɗa wa 'yarta ranar da za ta bar gida. Ferruja ta raɗa wa tilon 'yarta Werdiya a bakin teku, ranar da za ta hau jirgin Faransa.

Tsufa ya shigo ba sallama. Ya fara kwashe sunayen maƙwabta, sannan ya koma kan tatsuniyoyi. Wata safiya tana murza garin kuskus na abinci, ta bi masaƙiyar a ranta har ƙofar kogo, daga nan sai wayam. Abin ya tsorata ta fiye da mutuwa.

Da bazara Werdiya ta zo gida, ta zama marubuciya, ga littafinta na Faransanci a jaka. Ta tarar da uwar tana murza garin kuskus.

Ferruja ta ce, "Ke 'yar nan, an ce kin juye ni cikin takarda. To buɗe ki karanto min ƙarshen masaƙiya."

Werdiya ta karanta tana fassarawa: masaƙiyar ta yar da bargon, ta hau jirgi, ta tafi neman 'yancinta.

"Jirgi? A gidan ubanwa? Kakata ta san wani jirgi?"

"Sauyawa na yi, Yemma," in ji Werdiya, haka suke kiran uwa. "Dole ce ta sa. Mutanen can irin wannan suke so."

"Su riƙe abinsu. Ni nawa za ki ba ni."

Werdiya ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Ranar nan kuka nake yi, jirgi kuma yana ta busa. Bakinki kawai na ga yana motsi, sai na gyaɗa kai."

Ferruja, mai faɗan tsiya, ko tsaki ba ta yi ba. Ta karkaɗe garin da ke hannunta, ta ce, "Ashe yaron nan a kogon zai ƙare, babu mai zuwa ɗauko shi."